Filin Zamiya a Sabon Gari: A Tambayi Masu Takalmin Kafin a Kwaɓa Siminti

 

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya ina cikin Keke Napep za ni Sabon Garin Gusau, sai na ji kamar an ɗan ja mu ta baya. Ina waiwayawa sai ga yaro, bai fi shekara 13 ba, ya kama ƙarfen bayan keken da hannu ɗaya, ya rage tsawo, ƙafafunsa sanye da takalmin taya. Iska sai kaɗa rigarsa take yi. A bayansa kuwa, tazarar da ba ta kai tsawon tabarma biyu ba, tifa ce ɗauke da yashi. Mai keken ya hango shi ta madubi, ya daka masa tsawa. Yaron ya saki ƙarfen, ya karkace, ya bi ta tsakanin ɗan kabu-kabu da mai kurar ruwa, ya ɓace. Wani dattijo da ke zaune gefena ya daɗe yana salati, sannan ya ce, "Ɗan wa ke nan? Iyayensa sun san inda yake kuwa?"

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan kwana uku na yi ta tambaya har aka nuna mini inda suke taruwa, gaban wasu shaguna da aka rufe, inda akwai ɗan daɓen siminti da bai farfashe ba. Su takwas na iske, takalma kuwa uku, sai karɓa-karɓa suke yi. Na ce a miƙo mini ɗaya in gani. Na gwanjo ne, ya fi ƙafar mai shi girma, an cusa tsumma a bakinsa don ya kama. Maɗaurin ya tsinke, an maye shi da igiyar roba irin ta ɗaurin kaya a babur. Tayoyin sun cinye ta gefe ɗaya kamar dunduniyar tsohon silifa. Babbansu ya nuna mini yadda yake zare boris ɗin da ƙusa, ya wanke shi da kananzir a murfin gwangwani, ya ɗiga masa baƙin mai, ya mayar. Babu wanda ya koya masa, a waya ya gani.

Na ce masa, "Samari, me ya sa kuke bin titi? Ba ku tsoron mota?"

Ya ce, "Baba, muna tsoro mana. To ina za mu je? Nan wurin bai kai taku ashirin ba, kana somawa ka kai bango. Kuma idan masu shago suka dawo korarmu za su yi. Kwalta ce kaɗai sumul."

Amsar nan tasa ita ta haifi sharhinmu na yau. Shawara nake kawowa, cewa Sabon Gari ta samu ɗan fili na wasan zamiya, daɓaɓɓe da siminti, inda masu takalmin taya da masu allon taya da ƙananan masu keke za su yi wasansu nesa da mota. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda za a yanke maganar filin, da waɗanda za a zaunar a tambaya kafin birkila ya kwaɓa buhu ɗaya.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci yanzu, kuma ban raina shi ba. Ga mutanen da aka koro daga ƙauyukansu suna kwana a kangwaye cikin Gusau. Ga manomi a bayan Tsafe da gonarsa ta gagare shi zuwa. Ga tsadar abinci. A cikin wannan hali wani ya zo da zancen wasa? Gaskiya ne, ciki da tsaro su ne gaba, kuma ba na neman a cire ko sisi daga can a kawo nan. Sai dai ku duba yaran da ke bisa titin. A cikinsu akwai ƴaƴan waɗanda aka koro ɗin. Yaron da aka raba da gona da rafi da dandalin ƙauyensu, aka kawo shi birni cikin ɗaki ɗaya da mutum tara, daga tashi makaranta zuwa magariba ina zai sa kansa? Idan ba mu ba shi wuri ba, akwai masu jiransa a lungu, kuma mun san abin da suke sayarwa. Daɓen da nake magana a kai bai wuce girman fuloti biyu ba.

Akwai kuma abin da ya ƙara matsa lamarin. Tun daga 2023 gwamnatin jiha take aikin sabunta titunan Gusau, kuma duk mai bin gari ya ga sabuwar kwalta. Alheri ne babba. To amma titi sumul mota tana ƙara gudu a kansa, kuma shi ne dai abin da mai takalmin taya yake nema ido rufe. Duk titin da aka kammala, an buɗe wa yaran nan sabon filin wasa ke nan a tsakiyar motoci, ba tare da kowa ya yi nufin haka ba. Tsawa da bulala ba su raba su da shi ba. Filin wasa na tunawa da Sardauna yana nan, amma shi na ƙwallo ne da manyan taruka, ba inda yaro zai leƙa na rabin sa'a ya dawo kafin a kira salla ba.

Kada kuma wani ya ce wasan taya baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. A shekarar 1988 wani ɗan Kano mai suna Misbahu Lawan Didi, wanda shan inna ta taɓa tun yana ƙarami, ya ƙirƙiro ƙwallon da masu lalurar ƙafa ke bugawa da hannu suna zaune bisa katako mai taya. Yau ana buga ta a jihohin Najeriya da dama, har ta ƙetara zuwa maƙwabta. Wannan katakon kuwa kowa a Gusau ya san shi. Allo ne da aka kafa wa boris huɗu a ƙasa, aka ɗaura masa tsohon matashi, mai shi ya sa silifa a tafin hannuwansa yana tura ƙasa. Tun kafin yaranmu su ga allon taya a waya, ƴan uwanmu masu lalura suke kansa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. An tabbatar da kawar da cutar shan inna ta asali daga Najeriya a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu matasa ne masu ƙarfi a kafaɗa. Idan aka yi filin zamiya aka sa masa matakala a ƙofa, an rufe shi ga mutanen da suka fi kowa daɗewa a kan taya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a yi gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. To ko babu doka, wa zai tuna da maganar matakala idan babu ɗayansu a wurin zaman?

A duniya kuwa wasan ya wuce inda muke zato. Wasan allon taya ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokiyo, wadda aka yi a 2021, kuma yarinyar da ta ci zinare a ɓangaren mata na wasan titi, Momiji Nishiya ta Japan, shekararta 13, sa'ar yaron da na gani a bayan keke. Ba ina yi wa kowa alkawarin zinare ba ne. Abin da nake so mu ɗauko daga waje shi ne darasin yadda aka gina filayen, da abin da ya tsayar da wasu, da abin da ya kayar da wasu.

A Kampala ta ƙasar Yuganda akwai wata unguwar talakawa mai suna Kitintale. A 2006 wani matashi, Jackson Mubiru, da abokansa suka gina filin zamiya da hannunsu, da bulo da siminti, ba tare da jiran gwamnati ba. Shekaru sun tafi filin yana aiki, domin waɗanda suka ɗauki kwanon siminti a ka su ne masu wasa a ciki, kuma wanda ya yi gumi a kan abu ba ya barin a lalata shi yana kallo. A Legas ma, wata ƙungiyar matasa da aka fi sani da WAF, wadda ta soma a 2012, ta shafe shekaru ƴaƴanta suna wasa a harabar babban filin wasa na Surulere da gefen tituna, sai a 2024 suka samu nasu filin a Freedom Park, inda a da gidan yari ne na zamanin Turawa. Shekara 12 ke nan suna nema.

Labarin da ya fi kamata mu riƙe shi ne na Akara, babban birnin Gana. A Disambar 2021 aka buɗe wani kyakkyawan fili mai suna Freedom Skatepark, wanda ƙungiyar Surf Ghana ta gina da tallafin mutane daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da shahararren mai zanen tufafi Virgil Abloh, wanda ya rasu gab da buɗewa. An yi shagali, jaridun duniya sun ɗauka. Ba a cika shekara biyu ba, a 2023, rikici ya taso kan mallakar ƙasar da filin ke kai, har aka kai ga rufe wurin, yara suka koma kallon siminti daga waje. Kuɗi sun samu, gwanaye sun yi aiki, amma maganar ƙasa ta rusa komai.

Saboda haka tambayar farko a Sabon Gari ita ce ta fili. Wanda ya san tarihin unguwar ya san layin dogo ne ya raya ta, wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, ya jawo ma'aikata da ƴan kasuwa daga ko'ina. Shi ya sa duk wani sarari da ka gani a wajen yana da mai shi. Wanda ke kusa da tashar jirgi yana iya zama na hukumar jiragen ƙasa, ita kuwa ta tarayya ce, kansila ba shi da ikon bayar da shi. Wani na makaranta ne. Wani gado ne da magada ba su raba ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar cikin birni a hannun gwamna a matsayin amana, don haka "na ba ku" ta fatar baki, ko daga bakin wa ta fito, ba ta isa a zuba siminti a kanta ba. A samu takarda da sunan amfanin jama'a, safiyo ya auna, a kafa alamun iyaka, a liƙa kwafin takardar a inda kowa zai karanta. Mun sha ganin filin ƙwallon unguwa da yara suka taso a cikinsa, a wayi gari an zuba bulo an ce an yanka shi fuloti-fuloti.

Ƙaramar hukuma kuma ba za ta ce ba ruwanta ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa wuraren shaƙatawa da lambuna da sararin jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Wanda ya je sakatariyar Gusau ko ta Tsafe ko ta Bunguɗu da wannan buƙata, haƙƙinsa ya je nema.

Yanzu bari in zo kan shawarar kanta, domin nan ne muka fi yin tuntuɓe. Na taɓa halartar wani taro da aka kira na jin ra'ayin jama'a kan wani aikin unguwa. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, manya a gaba. An buɗe da addu'a, an yi jawabai har huɗu, sannan aka ɗaga wani babban zane da aka riga aka buga da launi, aka ce ga abin da za a yi. Da aka ce ko akwai mai magana, rana ta riga ta yi zafi, an soma raba lemo. Wani matashi ya ɗaga hannu daga can baya, wani ya jawo rigarsa ya ce, "Zauna, manya na nan." Mace ko ɗaya ba ta zo ba, don ba a gayyace su ba. Aka tashi, aka rubuta cewa jama'a sun amince. Sanarwa aka yi mana ranar nan. Raina ya ɓaci, domin na san matashin nan ya fi duk na kan kujerun gaba sanin inda ruwa ke kwanciya a wurin idan damina ta sauka.

Mu kuwa ba baƙin shawara ba ne. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan Shura. Kakanninmu ba sa fita aikin gayya sai an zauna an ji ta bakin kowa, gonar wa za a fara, wa zai kawo fura. Ko a wannan zamani, shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 ya gudana a jihohi da dama bisa wannan tsari: jama'a su zaɓi aikin da suke so, su naɗa kwamitinsu, su kawo ɗan kasonsu na kuɗi ko yashi ko ƙarfi. Hanyar sananniya ce. Abin da ke sabo a nan shi ne waɗanda suka fi sanin aikin yara ne, mu kuma ba mu saba tambayar yaro ba.

Yaro ba zai yi magana a gaban hakimi ba, kuma tarbiyya ce ta hana shi, ba mu so ya rasa ta. Don haka kada a kira shi zauren manya a ce ya faɗi ra'ayinsa. A bi shi inda yake. Mutum biyu da yaran suka saba da su, ko malamin makaranta ko mai horar da ƙwallon unguwa, su je wurin wasansu da la'asar, su zauna a ƙasa tare da su. A ba su gawayi su zana. Mafi kyau ma a ba su laka. Yaran da ke ƙera mota da kara da gwangwani za su gina maka filin da suke so a cikin faranti, da tudunsa da gangarensa, ka gani da idonka. Idan an samu filin, kafin a haƙa komai a zana shi da toka a ƙasa kamar yadda magina ke fitar da harsashin gida, a ce su bi layin da gudu. Nan take za su ce maka wannan kwanar ta yi tsauri, nan biyu za su yi karo.

Akwai dalilin da ya sa na nace a kan wannan. Hotunan filayen zamiya da ake gani a waya yawanci na masu allon taya ne, cike da ramuka masu zurfi kamar kwano da tudu masu tsayi. Yaran da na iske kuwa takalmi gare su, kuma abin da suka fi buƙata shi ne shimfiɗa mai faɗi da tsawo inda za su yi gudu su juyo. Masu ƙwallon katako su ma shimfiɗa suke so. Idan aka ba ɗan kwangila aiki ya kwafo hoto, za a kashe kuɗi a gina ramin da ba mai shiga sai ruwan sama da sauro, yara kuma su koma titi. Ni a ganina a fara da daɓe shimfiɗaɗɗe da ɗan gangare ɗaya ko biyu marasa tsayi a gefe, a bar sarari. In wasan ya bunƙasa, su da kansu za su faɗi abin da za a ƙara.

Birkilolin unguwa su ma a zaunar da su tun farko, don akwai abin da aikin ke buƙata wanda ya bambanta da daɓen tsakar gida. Tayar takalmin ƙarama ce, tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar masara tana iya tsayar da ita cak ta kifar da yaro. Dole a goge fuskar simintin ta yi sumul, kaurinsa ya kai kamar inci 4 bisa ƙasar da aka daddaɓe da kyau, a yanka masa layukan da za su hana shi tsagewa barkatai idan zafin Maris da Afrilu ya buɗe. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7 bayan zubawa, kuma siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, don haka kada a yi gaggawar bikin buɗewa. A ɗan karkata daɓen kaɗan yadda ruwan Agusta zai gangara magudana maimakon ya kwanta. Inuwa wajibi ce, amma itacen dogon yaro yana zubar da ƴaƴa da ganye, sai a dasa shi ta yamma, ɗan nesa da bakin daɓen, inda zai tare ranar la'asar ba tare da ya watsa wa masu wasa abin tuntuɓe ba. Da hunturu kuma ƙura za ta rufe wurin kullum. Wa zai share? Wa zai ajiye tsintsiya? Wannan ƙaramar tambaya ta kashe ayyuka da yawa bayan an yanke kyalle an watse.

Sai maƙwabta, waɗanda za su kwana su tashi da filin. Taya a kan siminti tana da ƙara, yara kuma ba sa wasa shiru. Mai gidan da katangarsa ke jingine da wurin yana da haƙƙin a ji shi kafin kowa, kuma a ji shi a zaurensa, ba a bainar jama'a inda kunya za ta sa ya ce ba komai ba. Tsoron iyaye na san shi: kada wuri ya zama matattarar shaye-shaye. Tsoro ne na gaskiya, kuma maganinsa yana cikin tsarin ginin. Kada a kewaye shi da doguwar katanga. A sa waya ko gajeren shinge yadda mai wucewa zai ga komai, a kafa fitilar sola, a ajiye benci inda dattawa za su zauna shan iska. Wurin da idon manya ke kai, mai mugun nufi ba ya son sa. Lokutan buɗewa da rufewa kuwa a yanke su tare da limamai da malaman Islamiyya, yadda wasa ba zai ci lokacin karatu ko salla ba. Sabon Gari kuma unguwa ce ta kowa da kowa, akwai Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu da aka haifi kakanninsu a nan, akwai majami'u. A gayyaci shugabanninsu tun zaman farko, don ƴaƴansu ma suna cikin masu karɓa-karɓar takalmin nan.

Iyaye mata fa? Su ne ke wanke ciwon gwiwa, su ne ke zaman jinya idan an yi karaya, amma su ne ba a tambaya. Ba za su zo rumfa ba. A tura mata ƴan uwansu, malaman makarantun matan aure da ungozomomi da shugabannin adashi, su shiga gida-gida su ji, su dawo da abin da aka faɗa a rubuce. A bakinsu ne za a ji maganar hular kwano da abin kare gwiwa, da famfo, da makewayi, da wanda za a kira idan yaro ya faɗi. A bakinsu ne kuma za a ji maganar ƴan mata. A Kabul ta Afganistan, ƙungiyar Skateistan da ta soma a 2007 ta buɗe filinta a 2009, kuma ta samu ƴan mata da yawa saboda ta ware musu ranakunsu, da malamai mata, a wuri mai sutura. Ko hakan zai dace da mu, ko ba zai dace ba, iyaye da malamai ne za su faɗa. Abin da ba na so shi ne a yanke hukuncin ta hanyar yin shiru a kansa.

Ku mutanen Tsafe da Bunguɗu, ban manta da ku ba. Garuruwanku duka biyu babbar hanya ce ta ratsa su, ɗaya ta Funtuwa, ɗaya ta Sakkwato, kuma tirela ba ta san yaro ba. Amma kada a ɗauko abin da Sabon Gari ta zaɓa a dasa muku. Kowane gari a yi masa nasa zaman. Yana yiwuwa matasan Bunguɗu su ce su gyaran filin ƙwallo ya fi musu, ko na Tsafe su ce dandalin dambe da kokawa suke so, wasannin da ƙasar Zamfara ta yi suna a kansu tun zamanin da Ɗan Anace ke yi wa Shago waƙa. In sun faɗi haka, a bi nasu. Har a Sabon Garin ma, idan aka zauna da gaske jama'a suka ce a'a, ni da na kawo shawarar zan karɓa, sai mu koma neman wata hanyar da za ta sauke yaran daga titi. Duk wanda ya kira taro alhali bai shirya jin a'a ba, ya riga ya gama yanke hukuncinsa.

Abu ɗaya kuma da ake yawan mantawa: bayan an ji ta bakin mutane, a koma a gaya musu abin da aka yi da maganarsu. A liƙa takarda a ƙofar mai unguwa da allon makaranta, a karanta a rediyo: kun ce kaza, mun ɗauka, kun ce kaza, ba mu iya ba saboda kaza. Kuɗin da aka tara da wanda aka kashe su ma a rubuta su, buhu nawa, tifa nawa. Kwamitin kula da wurin kuma a sa matasa masu wasan a ciki, da mace, da mai lalura, kowannensu da cikakkiyar murya.

Ba sai an jira kasafin kuɗi kafin a soma ba. Mai unguwa da kansila suna iya neman aron wani daɓe na rana ɗaya, ko harabar makaranta ko wani wuri mai siminti, a sanar cewa ranar Asabar duk mai takalmin taya ko allo ko katako ya zo. A ƙirga su. A ga shekarunsu, a ga unguwannin da suka fito, a ga yadda suke juyawa. Iyaye su zo su tsaya su kalla. Abin da za a gani a wannan yini ɗaya zai ba zaman shawara abin kamawa.

Ranar da zan baro yaran nan na tambaye su, in da za a yi musu wuri, me suke so a ciki. Ɗaya ya ce tsawo. Ɗaya ya ce famfo, don ƙishirwa ke korarsu gida. Babbansu, mai wanke boris, ya ce a samu ɗan akwati mai kwaɗo da za su riƙa ajiye takalman, saboda a gida ana yi musu faɗa. Ƙaraminsu bai ce komai ba sai da na juya zan tafi, sannan ya biyo ni ya ce, "Baba, ƙanwata tana sa takalmin a tsakar gida in Inna ba ta gani. Ita ma za a bar ta ta zo?"

Na ce masa zan kai tambayarsa inda manya za su ji. Ga ta nan na kawo.